Tsanin da Ba a Shafa wa Fenti

Duk wanda ya taɓa sayen tsani a wurin Auta kafinta ya san ba ya shafa masa fenti. Kujera zai fente maka, gado ma haka, har da zanen fure in kana so. Amma tsani, ko za ka kwana kana roƙo, haka zai miƙo maka shi, katako zalla. Mutane na cewa rowar fenti ce. Ba su san komai ba.

A shagon mahaifinsa ya tashi, cikin ƙurar katako da warin gam. Baba kafinta ne na ji da gani, ga ƙarancin magana. In ya yaba maka sau ɗaya sai ka wuni kana murmushi. Da girma ya kama shi, idonsa ya fara dusashewa. Kowa a gidan ya sani, ba mai furtawa. Yaya, babban ɗansa, shi ke bin bayansa yana gyara abin da ya karkace, Auta kuwa ya ƙware wajen tura guduma kusa da hannun tsohon kamar ba da gangan ba. Tsabar so ce ta sa su haka.

Auta na matashi lokacin da mai gyaran wutar lantarki na unguwar ya kawo aikin dogon tsani. Baba ya ce shi zai yi da hannunsa, ya kuwa gama yana ta jin daɗi. Da Auta ya zo gogewa sai ya ga matakin can sama a tsage, tsagar ta bi har inda ƙusa ta shiga. Ya nuna wa Yaya.

"Kwaɓa garin katako da gam ka cike, ka bi da fenti," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "In muka sauya matakin, hannunsa zai gane ba aikinsa ba ne. So kake tsohon nan ya san idonsa ya tafi?"

Auta ya cike, ya fente. Abin haushin ma, aikin ya yi kyau.

Fentin bai gama bushewa ba mai gyaran wuta ya leƙo, da 'yarsa ƙarama a kafaɗa. Ƙato ne, irin wanda benci ke kuka in ya zauna. Yarinyar ta nuna saman tsanin ta ce, "Babana har can yake hawa, ba ya jin tsoro!" Auta ya dubi matakin, ya dubi ƙaton. Ashe uban wata ne zai taka wurin nan.

Suna fita ya ɗauki wuƙa ya kankare fentin da cikon.

"Kai, Auta!" in ji Yaya.

Bai waiwaya ba. Ya je ya kamo hannun Baba, ya ɗora yatsun tsohon a kan tsagar.

Baba ya daɗe yana shafawa. Can ya ce, "Tun yaushe kuke rufa mini asiri?"

Yaya ya juya wa bango fuska yana share ido.

"Miƙo mini zarto," in ji Baba. Da kansa ya yanke matakin. Sannan ya lalubo kan Auta ya dafa. "Zaɓo mini katako mai lafiya. Daga yau kai ne idona, ni kuma zan riƙa ji da hannu. Kada a ƙara sa fenti tsakanina da aikina."

Yaya ya yi kwanaki yana fushi, daga baya ya huce. Baba kuwa har ya daina gani gaba ɗaya yana zaune a bakin shagon, kuma ba tsanin da ya fita sai yatsunsa sun bi shi mataki-mataki.

Baba ya jima da rasuwa, yau Auta ma furfura ta fito masa. Amma in ya gama tsani, kafin ya miƙa wa mai shi, sai ya kwantar da shi a kan benci, ya rufe idonsa, ya fara shafawa tun daga ƙasa.