Hausar da ta taso daga ƙarƙashin teku

Jiya ina zaune cikin jirgin ruwa a gaɓar Abhur, nan ƙasar Larabawa, na'urar sauraro a kunnena, sai na ji an ce, "Baba, kana ji na?"

Da Hausa! Saura kaɗan na'urar ta faɗa teku.

Ɗana Usama ne, mai yi wa masu nutso jagora. A nan unguwar Karantina aka haife shi, kuma rabon da ya yi min Hausa tun yana firamare. Ni kuwa, digirina na ajiye a akwati, aikina cika tulunan iska da gadin jirgi. Na daɗe da yanke cewa kunyata yake ji.

Kafilinmu, wato maigidan da ya tsaya mana, shi ne ya sayo sababbin marufan fuska masu makirufo. Waɗanda ke ƙasa suna jin junansu, ni ma ina jin su daga sama.

"Baba, surukin kafili ya firgita, yana zuƙar iska da sauri. Sauko da igiya a hankali. Kada ka yi Larabci, abokansa za su ji."

Na sauke igiyar, na ce, "Ja'iri, ashe bakinka ya iya?"

"Halas, ya isa, Baba! Igiya tukuna, faɗa sai mun fito."

Mutumin ya hau lafiya, har yana cika baki, asirinsa a rufe. Usama ya cire marufinsa, ya zauna kusa da ni, ya ce, "Sannu da aiki, tsoho."

Na koma gida unguwar Waziriyya ina murmushi, har uwarsa tana tambaya ko lafiya.

Ku masu 'ya'ya a ƙasar nan, da wane harshe naku suke kiranku idan abu ya yi tsanani?