Malam Harisu Ɗantsoho, Maharbin Babban Mutum

Haihuwa da asali

An haifi Malam Harisu a garin Babban Mutum da ke ƙasar Daura, cikin kakar shekarar 1947. Mahaifinsa shi ne Malam Sha'aban, manomi kuma maharbi, mahaifiyarsa kuwa Murjanatu. Kasancewar an same shi bayan mahaifinsa ya manyanta, sai aka riƙa kiran sa Ɗantsoho, laƙabin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Karatu da koyon harbi

Ya yi karatun allo a zauren Malam Abdulmuhaimin, limamin unguwarsu, inda ya sauke Alƙur'ani a shekarar 1962, ya kuma taɓa littattafan farko na fiƙihu. Bai shiga makarantar boko ba. Daga nan mahaifinsa ya fara fita da shi daji tare da Abbas, ɗan baffansa, wanda Harisu ya girme shi da shekara biyu, suka taso ba a ganin ɗaya sai da ɗaya. A hannun tsohon suka koyi bin sawu, da lura da iska, da ɗura bindigar toka. Allah ya yi wa Malam Sha'aban rasuwa a 1966, Harisu ya gaji gonarsa da bindigarsa, ya gaji kuma ɗabi'ar maharban wancan zamani ta rataye bindiga a zaure da ɗurinta a ciki.

Aure

A 1969 ya auri Maijidda, 'yar wani falken dabbobi na Mai'adua. Ita kaɗai ya aura, suka zauna shekara hamsin da huɗu. A shekarun farko na auren sunansa ya fara fita a tsakanin maharba, domin an shaide shi da saiti da haƙurin jira, har ana cewa da wuya ya saki harbi biyu a kan nama guda.

Hatsarin shekarar 1974

Bayan an kammala girbin 1974, Harisu da Abbas suka bi ayarin maharba zuwa fadamun da ke wajen Haɗeja domin harbin tsuntsayen ruwa. Bindigar da ya tafi da ita ta shafe damina cur a rataye, bakinta a buɗe, da ɗurin da ya yi mata tun rani. Da zai tafi ya goge bayanta har tana ƙyalli, amma bai zare ɗurin ba, bai kuma zura sanda ya duba cikinta ba. Ashe zanzaro ya shiga ya yi ginin laka a tsakiyar bututun, ginin ya bushe ya toshe shi.

A safiyar kwana na biyu garken dinya ya tashi daga ruwa a gabansu, Harisu ya ɗaga bindigar ya ja kunamarta. Bututun ya fashe. Shi ya rasa yatsu biyu na hannun hagu, Abbas kuwa da ke tsaye a gefensa ɓarɓashin ƙarfe ya same shi a fuska. A amalanken shanu aka fito da su bakin hanya, aka kai su asibiti, inda likita ya tabbatar da cewa idon daman Abbas ya tafi.

Waɗanda suka je dubiya sun ruwaito cewa Abbas ya lura ɗan'uwansa ya daina cin abinci, sai ya ce masa, "Yaya, ka ci abinci mana. Ƙaddara ce, babu wanda ya isa ya tare ta."

Harisu ya ce, "Na yi imani da ƙaddara, Abbas. Amma wata biyar ban leƙa cikin bindigar nan ba. Wannan kam ni na yi."

Shekara uku bai taɓa bindiga ba. Ya haɗa gonar Abbas da tasa yana nomawa, yana fara zuba wa ɗan'uwansa rumbu kafin nasa. A 1977 kura ta addabi garin, ta kashe tumaki fiye da ashirin cikin wata guda, mai gari ya aika masa sau biyu yana ba da uzuri. Abbas ne ya tako da kansa ya same shi a gona, ya ce masa barin harbin bai mayar masa da ido ba, ga shi kuma tunkiyarsa guda tana cikin waɗanda kurar ta ɗauke. Harisu ya aro bindiga, ya wuni yana kwance ta yana dubawa, bayan kwana huɗu ya kashe kurar.

Komawarsa daji

A 1978 ya sayi bindiga mai baki biyu, ya yanki lasisinta, tun daga nan kuma ya ɗauki wata hanya ta riƙon bindiga da mutane suka fara yi wa dariya kafin su saba da ita. Ba ya ajiye ta sai ya goge cikinta da tsumma da man keken ɗinki, ya toshe bakinta, ya zura ta a kuben fata da ya sa wani baduku a Daura ya ɗinka masa. Harsasai ba sa kwana wuri ɗaya da ita: suna cikin gwangwani mai murfi a akwatin Maijidda, mabuɗin yana hannunta, ta yadda yaron gida ko baƙo da ya kai ga ɗaya ba zai kai ga ɗayan ba.

A hanya kuwa, ko a mota ko a kan babur, sai ya karya ta, ya raba bututu da ƙota, ya naɗe kowane daban. Idan aka sauka sansani, kafin ya sa mata harsashi sai ya ɗaga bututun ya hangi hasken rana ta cikinsa, haka kuma yake yi duk lokacin da ya tsallaka ruwa ko ya yi tuntuɓe. Abokan tafiya sukan ce yana ɓata musu safiya. Amsarsa ɗaya ce: duk mai gaggawa ya wuce, zai tarar da shi a gaba.

Shugabancin maharba

A 1989 maharban Babban Mutum da ƙauyukan kewaye suka zaɓe shi ya shugabanci ayarinsu. Sharaɗi ɗaya ya kafa kafin ya karɓa, shi ne bindiga mai ɗuri ba za ta hau motar ayari ba, kuma shi da kansa zai tsaya a bakin mota ya duba ta kowa. An amince, aka yi shekara bakwai a haka.

A ranin 1996, ana shirin tafiya dajin da ke wajen Ningi, Hamma ya zo da bindigarsa a ɗure. Hamma dattijo ne da ya girmi Harisu, ya yi suna a harbi, yana kuma da mabiya. Ya ce shekara arba'in yana tafiya haka bai taɓa kashe ko kaza bisa kuskure ba.

Harisu ya rusuna ya ce, "Baba Hamma, na sani. Amma mutum talatin ne a bayan motar nan, hanyar kuma ramuka ce. Ka bari in zare maka, idan mun sauka ni zan ɗura maka da hannuna."

Hamma ya ce, "Kai da bindiga ta fashe a hannunka, kai ne za ka koya mini riƙon ta?"

Harisu bai matsa daga bakin motar ba. Tun hantsi ake roƙon ɗaya ya sassauta har aka kira azahar. Daga ƙarshe Hamma ya sauke kayansa, mutum takwas suka bi shi, ayarin ya rabu biyu. Mutane da dama a gari sun ga laifin Harisu, suna cewa ya wulaƙanta babba a bainar jama'a, har wasu suka daina zama a zaurensa. Iyalinsa sun shaida cewa abin ya dame shi ƙwarai, kuma sau uku yana zuwa gaishe da Hamma ana ce masa ba ya nan. Sai a 1998 Hamma ya dawo ayarin. Ya iso bakin mota ya miƙa bindigarsa babu ɗuri, Harisu ya karɓa da hannu biyu ya duba ya mayar masa, daga baya babu wanda ya sake tayar da zancen a tsakaninsu.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana jagorantar ayarin, an yi saran maciji, an yi karaya, amma ba a taɓa samun wanda bindigar ɗan'uwansa ta sama ba. Abbas ya rasu a 2009, Harisu ne ya yi masa wanka, ya kuma ɗauki nauyin aurar da 'ya'yansa mata biyu.

Ajiye bindiga

Daga wajen 2012 tafiye-tafiyen suka ragu saboda halin da hanyoyi suka shiga, ya zamana ba ya fita sai da takardun kowane maharbi a cikin leda a aljihunsa, domin nuna wa jami'an tsaro a shingaye. A 2016, a wata fita kusa da gida, ya hango wani abu ja-ja yana motsi a bayan sabara, ya ɗauka gada ce. Ya ɗaga bindiga, amma ya ji bai gamsu da abin da idonsa ke nuna masa ba, sai ya sauke ya jira. Can sai wata Bafillatana ta miƙe da ɗaurin itace a hannu, ta gaishe shi ta wuce, ba ta san abin da ya faru ba. A wurin ya cire harsasan. Da ya je asibiti aka ce yanar ido ce ta fara rufe masa gani, aka yi masa aiki ya samu sauƙi, amma bai sake fita harbi ba, ya kuma sauka daga shugabanci.

Babban ɗansa Sabiru ya nemi a bar masa bindigar, ko don tunawa. Malam Harisu ya ce masa, "Sabiru, ba ka da lasisi, ba ka koyi riƙon ta ba, ɗaki biyu kake haya a Kano da yara biyar. Ina za ka ajiye ta?" A farkon 2017 ya goge ta, ya hau mota zuwa Daura tare da Sabirun, ya miƙa ta ga hukuma ita da sauran harsasanta. Sauran shekarunsa ya yi su tsakanin gona da masallaci, maharba kuma ba su daina kawo masa bindigoginsu ya duba musu ba kafin su yi tafiya.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Harisu Ɗantsoho rasuwa a gidansa da safiyar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, bayan jinyar mako biyu, yana da shekara saba'in da shida. An yi masa sallah bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Babban Mutum. Maharba sun zo daga Daura da Mai'adua da Zango da ƙetaren iyaka. Wasunsu sun yi niyyar sakin bindigogi a ƙofar gidan don girmama shi, sai Maijidda ta aiko daga cikin gida cewa ya bar wasiyya kada a yi harbi a inda jama'a suka taru saboda shi. Suka jingine bindigoginsu a zaure, suka raka shi hannu sake.

Ya rasu ya bar matarsa Maijidda, da 'ya'ya biyar: Sabiru, direba a Kano, Fadila, da ke aure a Mai'adua, Hussaina, wadda 'yar tagwayenta ta rasu tun suna jarirai, Khairunnisa, malamar firamare a Daura, sai Auta, wanda ke riƙe da gonar gidan. Ya kuma bar jikoki ashirin da uku. Allah ya jiƙan sa, ya gafarta masa kurakuransa.