Rantsuwar da Baba bai yi ba

Filin yana can ƙarshen unguwar Alsawra, a Umdurman, inda kwalta ta ƙare. Baba ya saye shi tun unguwar ba kowa sai masu jakunan ruwa, ya ce in Allah ya hore zai gina wa Inna ɗaki biyu ta huta da gidan haya. Mu kuwa muna unguwar Sahafa a ƙetaren kogi, daga wannan haya sai waccan.

Kafin Allah ya hore, sai ga wani mutum daga yankin Jazira da matarsa da 'ya'ya huɗu, ba su da wurin sa haƙarƙari. Ɗan aminin Baba ne, da ubansa suka tsinci auduga tare suna samari. Baba ya kai shi filin, ya ce ya kafa rumfa ya zauna. Ba takarda, ba shaida, daga su biyu sai Allah. Rumfa ta zama ɗaki, aka ja katanga, aka sa ƙofar ƙarfe.

Da na fara koyarwa, ni da yayana muka ce lokacin gini ya yi. Baba ya je ya shaida wa mutumin. Buɗar bakinsa sai ya ce ai kyauta aka ba shi. Kyauta fa! Ido ba kunya.

Yayana ya so ya kwashi abokansa su ɓalle ƙofar su watso kayan waje. Lauyan da na samo ya ce kul. Wanda ke zaune a wuri ba a fitar da shi da ƙarfi, ko da kai ne mai wurin. Kuna taɓa ƙofar nan ku za a kama. Sai dai a kai ƙara mahkama, wato kotu, a nuna zaman aro ne, alƙali ya ba da umarnin tashi.

Ni na matsa wa Baba har ya sa hannu. Muka yi ta zirga-zirga, yau a ɗaga, gobe alƙali ba ya nan. Baba bai taɓa ƙorafi ba. Mutumin kuwa duk zama sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba Malam, ina kwana," Baba kuma ya amsa har da tambayar yara. Ni ko kallo bai ishe ni ba.

Takardar saye tana hannunmu, mutumin bai musa ta ba. Alƙali ya ce tunda shi ke da'awar kyauta, ya kawo shaida. Ba shi da ko ɗaya. Sai lauyansa ya miƙe ya ce sun nemi Baba ya rantse. Alƙali ya yi bayani dalla-dalla: Baba ya dafa Alƙur'ani ya ce bai ba da filin kyauta ba, shari'a ta ƙare, su tashi. In ba zai rantse ba, yana iya mayar wa mutumin rantsuwar. In ya ƙi duka biyun, hukunci zai hau kansa.

Lauyanmu har murmushi yake. Aka kawo Alƙur'ani. Baba ya dube shi, hannayensa na cikin aljihun jallabiya.

"Ba zan rantse ba, ranka ya daɗe."

Lauyanmu ya sunkuyo yana raɗa, "Ya Haj, to mayar masa!"

"Zai rantse," in ji Baba. "Ba ni zan miƙa masa wannan ba."

Sau uku alƙali yana tambaya. Daga nan ya rubuta abin da zai rubuta, filin ya bar hannunmu.

A mota, sai da muka hau gada na yi wa Baba magana. Raina a ɓace yake matuƙa, har yau ma bai gama hucewa ba.

"Baba, don Allah, aro ka ba shi ko kyauta?"

"Da bakina aro na ce."

"To me ya hana ka?"

Ya dubi kogi. Ya ce wata shekara zazzaɓi ya kayar da shi a gonar auduga, uban mutumin ne ya goya shi har bakin hanya. Ranar da ya ga yaran nan huɗu a rana, ya ce a ransa ba zai taɓa tayar da su ba.

"Allah ya ji na baki, ya ji na zuci. Wanne zan dafa Littafinsa a kai, 'yar nan?"

"Mu fa, Baba? Inna fa?"

Motar ta tsaya, muka sauka.

Inna tana bakin ƙofa tana jiranmu, ta sa sabon mayafi. Baba ya wuce ta gefenta, ya ɗauki buta ya zaga baya. Ni aka bari in faɗa mata.