Farin Tsakiyar Mayafi

Innata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, a wajenmu kuwa a wancan zamani mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma ɗaga ido ta dube shi in da mutane. In ta matsu sai ta ce "ke", in da wani take magana sai ta ce "waccan". Jikokina in na ba su labari dariya suke yi, wai ai wannan ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Amma ni da aka yi wa, ba zan yi ƙarya in ce babu ciwo ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, ɗan ƙarami, da tafki a yammacinsa. Mahaifina ya rasu tun ban yi wayo sosai ba, muka zauna a gidan ƙanensa, Baffa, tare da yayarsu, Gwaggo, wadda ita ma mijinta ya rasu ta dawo gida. Gwaggo ce ta raine ni, ita ce mai surutu da dariya da zagi. Inna kuwa sai aiki. Ta gurza auduga, ta shiɓe, ta kaɗa, tana da tukunyar shuni a bayan ɗaki inda take rina zarenta da kanta. Hannunta har ta mutu shuɗi ne zuwa wuyan hannu. Zarenta siriri ne ƙwarai, masaƙa har daga Gumel sukan aiko a tambaya.

An yi mini aure, ban daɗe a ɗaki ba aka shiga shekarar yunwa. Nasara sun zo ƙasar da 'yan shekaru a lokacin. Ruwa ya ɗauke gero yana kai gwiwa, ya tsaya nan ya bushe. Mijina ya ce zai yi kudu neman abinci, ya mai da ni gidanmu kafin ya dawo. Mutanen arewa kuma suka riƙa gangarowa ta Maigatari, ayari ayari, da yara a kafaɗa, wasu a bakin hanya suke kwantawa ba su tashi. Mun ci tafasa, mun ci 'ya'yan anza masu ɗaci, mun haƙa gidan tururuwa muna ƙwace musu 'yar tsabar da suka tara. Ba na son tuna wannan, kuma ba shi na zauna faɗa ba.

Da na dawo gida na tarar idon Inna ya soma yana. Ba ta faɗa wa kowa ba, ni na lura. Sai ta kai allura daf da hanci, ta juya wajen rana, ta yi ta neman kafa. Kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne allurar kanta, don ɗinki a wajenmu aikin maza ne. Babu auduga a shekarar balle a yi kaɗi, shunin ma ya ƙare, sai ta fito da tsofaffin tufafi ta tsattsaga su tsaye, ƙyalle ƙyalle, tana haɗawa. Akwai tsohuwar rigar mahaifina, akwai zannuwanta da suka koɗe, akwai majanyin da aka goye ni da shi. Duk shuɗi ne, amma kowanne da irin nasa, wani baƙi ƙirin, wani ya sha wanki har ya yi fari-fari. In tana son wani ya ƙara haske sai ta shanya shi a kan rumbu, rana ta yi ta cinsa, kullum ta ɗauko ta kara da ɗan'uwansa ta mayar.

Gwaggo ta sa ta gaba da tsiya. Ta ce mutane suna neman abin da za su sa a baki, ita tana ɗinka rigar mahaukaci. Inna ta yi mata banza. Da tsiyar ta yi yawa wata rana, sai ta ce mayafi ne, kuma tafki take ɗinkawa. Gwaggo ta yi dariya har da tari, ta ce tafkin da ya ƙafe har ƙasarsa ta tsattsage?

Ina gefe ina tsince anza, na ji Inna tana ba ta labari a hankali, kamar ba ta san ina nan ba. Ta ce ranar da ta gama wankan jego na haihuwar fari, aka bar ta ta fita ɗiban ruwa da la'asar. An yi ruwa an ɗauke, hadari bai watse ba. Sama baƙi, ruwan tafki baƙi, sai can tsakaninsu wani haske fari siriri ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, kome ya yi tsit. Ta ce ta tsaya da tulu a ka, da jaririya a baya, har wuyanta ya ƙage. Tun ranar abin yake idonta, yanzu kuma idon zai tafi, tana so ta sauke shi a wani wuri kafin ya tafi da shi.

Gwaggo ta tambaye ta wa za ta ba. Inna ta ciji zare ta ce, "Na waccan ne."

Wallahi sai da na tashi na shiga bayan ɗaki. Na girma har na yi aure uwata ba ta taɓa miƙo mini ko ƙuli-ƙuli da hannunta ta ce nawa ne ba, kome ta hannun Gwaggo yake biyowa. Na tsaya kusa da busasshiyar tukunyar shuni na yi kuka mai isata, ga yunwa ga daɗi, na share ido na dawo na ci gaba da tsintar anza.

Daga nan na zama mai sa mata zare a allura. Ba ta roƙe ni ba, ajiye allurar kawai take yi a kan tabarma ta wajena, in sa, in ajiye ta wajenta. Ta ɗinka rabin sama, daga baƙi yana sassautowa zuwa shuɗi mai haske. Ta ɗinka rabin ƙasa, shi kuma daga haske yana komawa baƙi. In an shimfiɗa su a tsakar gida da hantsi, ko Gwaggo sai ta tsaya kallo. Saura farin tsakiya, shi ne babu.

Fari kuwa a shekarar nan ya fi hatsi wuya. Duk wani farin ƙyalle da ke ƙauyen ya bi mutane kabari. Inna ta shanya wani koɗaɗɗen zane a kan rumbu ta yi ta jira, amma shuni ba ya sakin tufa gaba ɗaya, ko ya koɗe yana nan da duhunsa. Ta sa shi tsakanin rabi biyun, ta kai fuska kusa, ta cire ta yar. Idon kuma kullum ƙara rufewa yake. Ta kai in na shigo ɗaki sai na yi motsi take sanin ni ce.

Kowace mace mai kaɗi a wajenmu takan tanadi likkafaninta tun tana da ƙarfi. Zaren da ya fi kyau take warewa, ta ba masaƙi ya saƙa fari, a ɗinka, ta wanke ta naɗe da kajiji ta sa a ƙasan adudu. Ba a taɓa shi, ba a aronsa, ko yunwa ba ta sa a sayar. Na Inna kowa ya san ya fi na kowa laushi. Wata safiya na dawo daga neman ganye na same ta zaune a bakin ƙofa, likkafanin a cinyarta, aska a hannu, ta riga ta farke tsawonsa ta cire abin da take so, kuma ba kaɗan ba.

Ni mai zafin rai ce tun ina yarinya, ranar kuwa na manta da wata kunya. Na yi mata faɗa kamar ni na haife ta. Na ce mutane suna mutuwa kamar kaji, ita ga ta ƙashi da fata, wa ya ba ta tabbacin baɗi? Na ce ba na son mayafin, ta mayar. Gwaggo ta fito tana salati, ta ce wannan kiran mutuwa ne da baki. Inna ba ta dube ni ba, sai ta amsa wa Gwaggo. Ta ce in Allah ya kawo ruwa za a yi auduga, kaɗi kuwa ba ya bukatar ido, yatsu ne suke yi, za ta kaɗa wani ta cike. Ido ne ba zai jira baɗi ba. Ta ajiye allura a kan tabarma ta wajena.

Na daɗe ina kallon allurar nan. Sannan na ɗauka na sa zare.

Da lalube ta gama shi. Ranar da ta ƙulle zaren ƙarshe ta sa muka ɗaga shi ni da Gwaggo, kowa ya kama gefe, muka tsaya a rana. Ta matso har numfashinta yana taɓa ƙyallen, ta bi farin da fuska daga hannuna zuwa hannun Gwaggo. Ta ce shi kaɗai take gani, sauran duk duhu ne, amma haka yake, haka ta gan shi. Ni ban taɓa ganin tafkinmu a irin wannan la'asar ba, amma na gan shi a ranar, a tsakar gida, cikin fari da yunwa. Ta naɗe ta miƙo mini da hannunta, ba ta hannun Gwaggo ba. 

Ruwa ya zo kuwa. Baffa ya samo iri da ƙyar, aka shuka gero, aka shuka 'yar auduga a bayan gida saboda ita. Kullum sai ta sa a kai ta ta shafa ganyen, ta tambayi Gwaggo ko ta yi fure. Ta yi fure, ta soma ƙulla ƙwallo. Sai ciwon ciki ya shigo gari, irin wanda yake bin mutanen da suka daɗe ba su ƙoshi ba suka samu sabon ganye. Bai daɗe da ita ba. Ta cika da sassafe, audugar ba ta buɗe ba.

Gwaggo da wata tsohuwa maƙwabciya suka yi mata wanka. Aka buɗe adudu, Gwaggo ta auna abin da ya rage da kamu, ta sake aunawa, ta dube ni. Bai isa ya naɗe ta ba, ko da ta rame haka. Baffa ya aika gida gida, babu wanda yake da fari ko tafin hannu. Maza sun gama haƙa, suna zaune a ƙofar gida, rana tana ɗagawa, gawa kuwa ba a barinta ta jira. Liman ya aiko cewa halin larura ne, a cika da kowane zane mai tsarki, ya halatta, an yi wa mutane da yawa haka a bana.

Gwaggo ta shigo ɗaki inda nake, ta zauna, abin da ba ta saba ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce akwai tsohon zanenta, za ta wanke gefe a cika da shi, ba wanda zai ce kome. Ta ce mayafin nawa ne, an ba ni, ba mai tilasta mini.

Na so in riƙe. Allah ya sani na so. Shi ke nan abin da ta taɓa ba ni, kuma ta ba ni ne da sanin abin da take yi. Amma na duba zanen Gwaggo, duk maho, ya sha hayaƙi, na tuna rabin matattun ƙauyen nan da zaren Inna aka naɗe su. Na ce a ba ni aska.

Ɗinkin makauniya ba ya warwaruwa da sauƙi. Saboda ba ta gani, sai ta riƙa maimaita wuri ɗaya, ta soka ta koma ta sake sokawa, ta ƙulle inda ba a ƙulli. Daga gefen da ta fara layin a miƙe yake, yana tafiya yana karkacewa, wajen ƙarshe har akwai ɗigon jini inda ta soki yatsa. Na bi shi ɗaya bayan ɗaya ina tsinkewa, ina jin Baffa a waje yana gyaran murya, yana tambaya ko an gama. Hawaye ya hana ni gani, na yanki kaina, Gwaggo ta karɓe farin da sauri kada in ɓata shi. Ita da tsohuwar suka mayar da shi inda aka ciro shi, da manyan ɗinki na gaggawa. Ya isa daidai.

Maza suka shigo suka ɗauka. Mata ba sa bin gawa, don haka iyakata bakin zaure. Na dawo na tarar da shuɗi biyu a kan tabarma, ɗaya nan ɗaya can, da guntayen zare a tsakani.

Da kaka audugar ta buɗe, ta yi kyau har abin haushi. Gwaggo ta tsince ta, ta ce za ta kaɗa a kai wa masaƙi a Gagarawa, a saƙo fari a haɗa mini mayafina ya koma yadda yake. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, na sani, amma na yi mata tsawa har ta yi fushi ta kwana biyu ba ta yi mini magana. Daga baya ta kaɗa zaren ta cika nata likkafanin da shi. Mijina ya dawo ya ɗauke ni, na tafi da rabi biyun a ƙasan kayana. Na haifi 'ya'ya na rufe su da su lokacin sanyi, wannan da na sama, wancan da na ƙasa, suna faɗa a kan wanda ya fi kauri. Ban haɗa su ba.