Katangar da Muka Gina Mu Biyu

Abin da na fara lura da shi ran da na sauka gidan Kawu a Dutse Alhaji shi ne fanka. Ana zafi sosai, amma ba mutane aka juya wa ita ba. Wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin tebur take shan iskar. Hutu na zo daga Kwali, ina ƙaramar sakandare, ban kuma iya tambaya ba. Yaya, 'yar Kawu mai karatun kwamfuta, ita ta ga ina kallo. Ta ce a cikin akwatin nan akwai gari guda, in ya ɗau zafi garin ya tsaya cak.

Wasa ne na gini. Mutum ya shiga ta wayarsa, a yanka masa fili, ya gina abin da ya ga dama. Ba na kamfani ba ne, na Yaya ne, ita ke kunnawa ita ke kashewa. Kafin a buɗe maka ƙofa sai ka amince da sharuɗɗan da ta rubuta. Yawanci dannawa suke yi su wuce. Ni kam sai da na karanta duka, don na fi sakewa da rubutu fiye da mutane. Ba zagi, ba rushe ginin wani. A ƙasa kuma ta ce tunda na'urar a Abuja take, duk rigimar da ta taso dokar Najeriya ce za ta raba.

Maƙwabciyata a garin na cikin wasa wata sa'ata ce, iyayenta mutanen Damagaram, amma a Jamus aka haife ta. Hausarta tana ɗingishi, ni kuma bakina da nauyi, sai gininmu ya fi hirarmu yawa. Na nuna mata yadda ake jera tukwane a wurin gashi irin na garinmu, ita ta koya mini taga mai baka. Katangar tsakanin gidajenmu kuwa tare muka tashe ta, layi ɗaya nata ja, layi ɗaya nawa ruwan ƙasa.

Hutu ya kusa ƙarewa mahaifin maƙwabciyata ya aiko wa Yaya saƙo. Ya ce 'yarsa ƙarama ce, ba da izininsa ta shiga ba, kuma dokar ƙasar da suke ta ba shi damar a goge duk abin da ya shafe ta. Na'urar tana riƙe da sunan wanda ya ɗora kowane bulo. In aka goge nata, rabin katangar zai tafi, nawa ya tsaya a iska layi-layi.

Yaya ta kawo maganar muna cin shinkafa da wake. Kawu ya yi dariya ya ce, "To mai gari, ranki ya daɗe, a ina kotun za ta zauna? Ƙarƙashin tebur?"

Inna, matar Kawu, ta ce ita dai a iya saninta, maƙwabci in zai tashi kayansa yake kwashewa, ba ya tafiya da katanga. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce ba ta sani ba ko dokarsu tana iso har ɗakinta, ba ta kuma da tabbacin amincewar yarinya ƙarama tana ɗaure kowa. Amma ko da gaskiyar tana hannunta, ba za ta ja da uba a kan 'yarsa ba. Ranar Asabar za ta goge.

Na tashi daga wurin abincin. Na koma waya na tsaya gindin katangar. Akwatin yana Dutse Alhaji, mai jan bulo tana Jamus, ni kuma na kusa komawa Kwali. Na rasa a wace ƙasa katangar take. Sai na tuna lokacin da maƙwabtanmu na Kwali suka tashi, matar ta bar wa Mama randarta, ba wanda ya ƙara kiranta da sunan mai ita ta da.

Na samu Yaya tana shanya a tsakar gida. Na daɗe ina miƙa mata kaya kafin bakina ya buɗe.

"Yaya, a goge sunanta da gidanta yadda babanta ya ce. Amma don Allah ki tambaye shi, ya tambaye ta, ko za ta bar mini jan bulon kyauta, ki mayar da shi sunana."