Tukunyar Depite

Ni da Depite taubasai ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. Saboda haka tun muna yara a gidan haya na Tireshbil, cikin Abijan, nake da ikon zaginsa, shi kuma ba shi da ikon yin fushi. Rana ɗaya aka kai mu lakwal, wato makarantar boko. Shi ya zauna. Ni kuwa da na ga bulalar mushe, wato malamin aji, sai na ce zan fita fitsari, har yau ban koma ba. Wannan rubutun ma a jikin motoci da allunan shaguna na tsinci haruffansa, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri.

Shi aka kai shi makarantar kwana can cikin ƙasa, ya dawo mushe, da jaka da karabat, wato naktai, a wuya. Ni na zama mai tura kurar goro a kasuwar Ajame, na yi aure, na kama ɗaki a unguwar Liberte. Tun yana koyarwa mutanenmu suka gano amfaninsa. Wanda aka haifa a Abijan amma ubansa daga Maraɗi ya zo, in aka tsaya masa a ofis ana cewa shi baƙo ne, taubashina ake kira. Ya je ya yi musu Faransancin nan mai fita ta hanci, a fito da takarda. Daga nan jam'iyya ta ba shi sakataren unguwa, a tsakiyar shekarun saba'in kuma aka sa sunansa cikin 'yan majalisa, abin da ake kira depite da Faransanci, sunan ya bi shi. Zaɓen lokacin ba shi da wahala: jam'iyya ɗaya, takarda ɗaya, ka jefa ka koma bakin aikinka.

Ya yi aiki, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Famfon layinmu shi ya kawo. Kwatar da ke shigo mana ɗaki duk damina shi ya sa aka gina. Da aka tashi korar 'yan tebur daga bakin titin Indeniye, shi ya tsaya har aka ba su wani wuri. Mukan ji shi a rediyo yana magana, ba mu gane rabin abin da yake faɗi, amma muna tafi.

Abin da ya ci shi tukunya ce.

A layinmu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa ƙofar wani dattijo mai goro da muke kira Baba, a shimfiɗa tabarma, a jere kwanukan, a ci su ɗaya bayan ɗaya. Da na mai ƙaramin ƙarfi ake farawa, tun kowa na da yunwa, don kwanonsa ya koma gida a suɗe, matarsa ta ji daɗi. Nawa kwanon yakan zo da wuri cikin jerin, ba sai na faɗa muku dalili ba.

Depite ya ji labarin ciyayyar, ya ce shi ma a sa da shi. Kowace Juma'a sai ga baƙar motarsa, direba ya sauke tukunya wadda sai mutum biyu sun kama: shinkafa, naman rago, wani lokaci kaji. Shi kansa kuwa yana wurin taro. In ma ya biyo, sai ya sauke gilashi ya ɗaga hannu, ya ce, "Bon apeti, jama'a!" wato a ci lafiya, ya wuce. A makarantar kwana kowa da farantinsa da cokalinsa, a nan ya girma. A tunaninsa wanda ya fi aiko nama ya fi kowa zumunci.

Mun ci, ba zan yi ƙarya ba, ni har da guzurin ƙashi a aljihu. Amma ran mutane yana ɓaci. Akwai wani mai gadin sito, mutumin Tawa, dogo, mai faɗa, shi ya fi kowa magana.

"Mu mabarata ne? Yana ciyar da mu, shi ba ya cin namu. Tuwon matanmu guba ne?"

Ba mai iya gaya wa Depite wannan sai ni. Na je na same shi a gida na ce, "Kai bawana, ka zo ka zauna ka ci tuwon mutane, tukunyar nan ta fara ɗaci."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Kai da na san cikinka? So kake a ƙara nama. Za a ƙara."

Ya kuwa ƙara. Matsalar taubashi ke nan: an ba ka baki, amma duk abin da ya fito daga ciki wasa ne.

Sai shekarar tamanin ta zo, aka ce yanzu mutum da yawa za su iya neman kujera ɗaya. Wani matashi ya fito, bai taɓa gina ko kwata ba, amma ba tabarmar da bai zauna a kai ba daga Ajame har Tireshbil. Depite ya faɗi. Layinmu, da ke shan ruwan famfonsa, yawanci ba su jefa masa ba.

Motar ta tafi, direban ya tafi, masu cika masa ƙofa da safe suka ɗauke ƙafa. Ya shige gida, ko masallacin unguwa ya daina fitowa. Gwaggona, uwarsa, ta kira ni tana kuka, ta ce ɗanta ya daina cin abinci, ya ce ba shi da mutane a garin nan, zai tattara ya koma cikin ƙasa inda ba a san shi ba.

Duk da haka ranar Juma'a sai ga tukunya a taksi. Ta ƙanƙance, amma ta zo. Na miƙa hannu zan buɗe, Baba ya doke min shi da carbi.

"Ɗauki ka mayar masa. Ka ce muna da abinci. In yana jin yunwa ya zo."

Haka na rungumi tukunya mai zafi, ƙamshi na dukan hancina, na tsallaka gada da ita zuwa gidansa. Ban taɓa yin ibada mai wuya irin wannan ba. Na tarar da shi da singileti, ya rame, gemu ya fito. Ya dubi tukunyar ya daɗe.

"Har abincina ma sun ƙi?"

"Sun ƙi."

"Me na yi musu, don Allah? Wane aiki ne ban yi ba?"

Wannan karon ban ce masa bawana ba. Na ce, "Ɗan'uwa, gobe ka zo hannu wofi. Ka bar karabat a gida."

Ina jin rashin zagin ne ya ba shi tsoro, don washegari ya zo. A gbaka ya zo, ƙaramar bas ɗin haya, cikin 'yan kasuwa, ya sauka da ƙurar gari a kaftaninsa. Ya yi sallama. Aka amsa ƙasa-ƙasa, ba wanda ya tashi, ba wanda ya ce ranka ya daɗe. Ya tsaya yana neman kujera da ido. Baba ya ce, "Zauna mana, yaro, ka tare mana iska."

Ya cire takalmi ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Kwanon farko ranar na mai gadin nan ne: tuwon masara da miyar kuka, ba ko ƙashin kifi, barkono kuwa kamar da shi aka yi miyar. Ni na san likita ya hana Depite yaji. Mai gadi ya tura kwanon tsakiya yana kallon wani wuri.

Depite ya wanke hannu ya yi bismilla. Loma ta farko ya tsaya cak. Ta biyu gumi ya keto masa. Ya yi ta ci, hanci na zuba, ido na zuba, ban san wanne ne na barkono wanne ne nasa ba. Mutane suka janye hannu ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi da kwanon. Ya kai ƙarshe, ya lanƙwasa yatsa ya suɗe gefen yadda ya ga muna yi, sai dai har da hannun riga.

Na ce, "Jama'a, ku ba bawana ruwa, kada ya mutu a ce mu muka kashe gwamnati."

Dariya ta ɓarke. Mai gadi bai yi dariya ba. Ya ɗauki kwanonsa ya juya shi a hannu, ya leƙa ciki, sannan ya ce, "Mushe, gobe zan ce ta rage barkonon."

Bai koma cikin ƙasa ba. Bai kuma koma majalisa ba, ko takara bai sake tsayawa ba. Aji ya koma, da alli a hannu, da yamma ya hau gbaka ya zo da ɗan kwanonsa a ɗaure cikin ƙyalle, har ƙafafunsa suka gaza. Matar mai gadi kuwa, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa rage barkonon ba.