Merle Haddow da Tsofaffin Layinmu

Merle Haddow ta yi ƙuruciyarta tana dafa wa masu askin tumaki abinci, daga wannan garke zuwa wancan a yammacin jihar Queensland. Da ƙarfi ya ragu ta dawo garinmu, gidanta yana kallon nawa. Duk ranar zaɓe ita ce ta farko a layi a makarantar firamare, inda muke kaɗa ƙuri'a.

Bara ta zame a banɗaki, ƙugunta ya karye. Da zaɓe ya matso, na ce ta nemi a aiko mata da takardar ƙuri'a ta gidan waya.

"Allah ya kiyaye," in ji ta. "Wannan ai na waɗanda suka kusa kabari ne."

Na ƙyale ta. Ana nan sai Clarrie Boyle, tsohon direban motar shanu, ya leƙo dubiya yana dogara sanda. Ya ce shi kam ya haƙura da zaɓe, zai kawo uzurin rashin lafiya don kada a ci shi tara, tunda a ƙasarmu zaɓe dole ne.

"Kai Clarrie!" Merle ta ce. "Kai da ka ishe mu da ƙorafin an rufe mana asibiti? Bakinka bai gaji ba, sai ƙuri'a ce ta fi ƙarfinka?"

"To ke fa, sarauniya? Da rarrafe za ki je?"

Maganar ta soke ta. Washegari ta sa na nema mata takardar, sannan ta janyo waya ta bi tsofaffin layinmu ɗaya bayan ɗaya. Wani ta lallashe shi, wani ta tuna masa tun yana saurayi take cika masa kwano.

Da takardun suka iso, suka taru a barandarta da shayi. Kowa ya juya baya ya cike tasa, maƙwabcinsa ya sa hannu a matsayin shaida. Clarrie ya miƙa wuya zai leƙa ta Merle, ta maka masa jarida a ka. Ni na kai ambulan ɗin gidan waya.

Asibitin dai har yau a rufe yake, amma malamar jinya ta fara zuwa duk mako. Yanzu tsofaffi daga garkunan nesa ke bugo wa Merle waya suna tambayar yadda ake zaɓe ta gidan waya. Takan yi musu faɗa tukuna, sannan ta yi bayani dalla-dalla.